Vespar mahaifinmu ta shekara 15 a zaure: a gyara ko a sayar?

"Assalamu alaikum Baba. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya rasu bara, ya bar Vespa a zauren gidanmu a Tudun Wada. Tun da ƙafa ta fara damunsa ya jingine ta, yau ta haura shekara 15 ba a tayar da ita ba. Yayyena sun ce a kira 'yan gwangwan su auna su ba da abin da ya samu. Ni kuma raina bai so ba, don a gabanta nake tsayawa yana kai ni firamare. A Kakuri nake aiki. Za ta gyaru har in riƙa zuwa aiki da ita? Ana samun kayanta kuwa? Ko in haƙura in nemi Boxer?"

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya kyauta makwancinsa, ya ba ku haƙurin rashi. Tambaya uku ka haɗa: ko za ta tashi, ko akwai kayanta a kasuwa, sannan ko za ta iya jigilar Tudun Wada zuwa Kakuri safe da yamma. Ta farko da ta biyu amsarsu e ce, muddin tsatsa ba ta cinye ƙasanta ba. Ta ukun kuwa ba na ba ka shawara, zan kuma gaya maka dalili. Tun ina saurayi nake cikin baƙin mai a garin nan na Kaduna, a kan Vespa na koyi riƙe sufana, har yau kuma akwai guda a gidana da nake zuwa Juma'a da ita. Sai dai ban ga taku da idona ba, don haka abin da zan ba ka shi ne yadda za ka duba ta da kanka, da abin da ya kamata a fara da wanda za a bari sai ƙarshe.

Kafin sufana ta taɓa ta, ku gama maganar gado. Babur ɗin nan na magada ne gaba ɗaya, har da mahaifiyarku da 'yan'uwanka mata. A yi masa kuɗi a gaban kowa, a sa shi cikin rabonka, ko ka biya sauran haƙƙinsu. Yadda za a raba fagen malamai ne, bakanike ba shi da ta cewa. Abin da na gani a gareji shi ne, an sha kawo mini babur na gado in gyara shi tsaf, ranar da ya fita yana ƙyalli sai rigima ta tashi, wanda jiya ya ce a ba 'yan gwangwan yau shi ke cewa ai kadara ce. A yi mata kuɗi yanzu tana cikin ƙurarta, kuma mai harkar Vespa za a kira ya yi, kada a kira mai sikeli.

Yadda ta shigo ta cika gari

Kamfanin Piaggio na Italiya ne ya fara ƙera Vespa a 1946, bayan yaƙin duniya na biyu. Wanda ya zana ta, Corradino D'Ascanio, injiniyan jirgin sama ne, kuma ba ya son babur irin na da mai kaca da ke fesa wa mutum mai a wando. Shi ya sa ya ɓoye injin a gefe cikin murfi, ya haɗa shi da tayar baya kai tsaye ba kaca, ya sa garkuwa a gaban ƙafafu, ya bar tsakiya fili. Mutumin bai san babbar riga ba, amma ya yi mana aiki. Dattijo zai fito da farar shadda, ya tattara rigarsa ya ɗora a cinya, ya je ɗaurin aure Unguwar Sarki ya dawo babu ɗigon mai a jikinsa. Filin nan na tsakiya kuma shi ne wurin yaro irinka, ya tsaya ya riƙe kan babur, in babu yaro a ajiye kwandon cefane ko galan ɗin kananzir.

Cikar garin nan da babura kuwa aikin Udoji ne. Kwamitin Jerome Udoji ya miƙa rahotonsa a 1974 zamanin Janar Gowon, aka ƙara albashi, aka biya ariyas a dunƙule a 1975, ma'aikatan kamfanoni ma suka matsa sai da aka yi musu nasu. Kaduna a lokacin garin ma'aikata ce. Ga sakatariya, ga 'yan reluwe, ga soja, ga masaƙun Kakuri, KTL da ta fara aiki tun 1957 da UNTL da Arewa Textiles, ga kamfanin Peugeot da ya fara harhaɗa mota a 1975. Mai keke ya koma babur, mai babur ya fara hangen mota. In aka tashi daga aiki a Kakuri, hanyar da ta haye gada zuwa cikin gari sai ka ga shuɗin hayaƙi ya lulluɓe ta, don yawancin baburan nan masu shan fetur gauraye da mai ne.

Kowane babur da mutanensa. Honda CD175, da Roadmaster da ta biyo baya, na hedimasta ne da malamin gona da duk mai doguwar tafiya. Injinsu silinda biyu, sautinsu ƙasa-ƙasa, ba hayaƙi. Suzuki A100 da Yamaha YB100 na samari ne da masu shiga ƙauye, ga ƙarfi ga arhar gyara. Mobylette ta Faransa mai feda ta masinjan ofis ce. Honda Cub da Yamaha Mate marasa kuloci na hannu su ma'aikatan asibiti mata suka fi so. Lambretta ma ta shigo, amma ba ta yi yawa ba, ga shi kamfanin Innocenti ya daina ƙera ta ya sayar wa Indiya injinan ƙirar a 1972. Vespa kuwa ta malaman makaranta ce da 'yan kasuwa da alhazai, mutanen da ba sa son a gan su a guje. Ranar Asabar za ka ga mutum ya fito da ita ƙofar gida da bokiti da tsumma, ya wanke, ya goge, ya ɗaga kafet ɗin ƙasa ya shanya. In mahaifinku irin waɗannan ne, to ka yi sa'a, don wanda ke ɗaga kafet ya shanya shi ne wanda ƙasan Vesparsa ke rai har yau.

Abin da ya kawar da ita daga titi ba lalacewa ba ce. Da aka shigo da SAP, tsarin gyaran tattalin arziki na gwamnati, a 1986 darajar naira ta faɗi, sabuwar Vespa ta fi ƙarfin albashi. Acaɓa ta zo, ita kuma doguwar kujera take so da manyan tayoyi da za su ɗauki mutum biyu da buhu, sai Jincheng ta mamaye, daga baya Boxer da roba-roba. Masaƙun suka rufe ɗaya bayan ɗaya a shekarun 2000. Masu Vespa suka tsufa, masu gyaranta ma suka tsufa, yaran gareji suka koma inda kasuwa take. Don haka mafi yawan Vespar da na gani a zauruka da ƙafarta ta shiga, ko kuma wata 'yar matsalar wuta ce ta tsayar da ita aka rasa mai dubawa. Taku ma, tun da ciwon ƙafa ne ya sa aka jingine ta, ina kyautata zaton injinta lafiya ya kwanta.

Kada ka buga kik tukuna

Na san ƙafarka na ƙaiƙayi, amma ka daure, ka kuma hana yaran gida. Bayan shekara 15 cikin silinda ya bushe, wataƙila tsatsa ta kama ringi. Bugu ɗaya mai ƙarfi zai iya karya ringin ya karce bulo, ka jawo wa kanka kashe kuɗin da babu dalili.

Da gangar jiki za ka fara, ka manta da inji. Vespa ba ta da firam na bututu irin na sauran babura. Wannan ƙarfen da aka lanƙwasa aka yi jikinta da shi, shi ne ke ɗauke da inji da kai da mai hawa. In ya ruɓe, komai kyawun inji babu babur. Fito da ita haske, ɗaga robar ƙasa, ka kwantar da ita a kan tsohuwar katifa ka leƙa ƙarƙashi. Ɗauki sukudireba ka riƙa dannawa da ƙarfi a inda ake taka ƙafa, da doron nan na tsakiya da wayoyi ke bi ta ciki, da inda jak yake ɗaure, da inda babban ƙarfen da ke riƙe inji ya ratsa, da saman shok na baya. Jar tsatsa ta sama ba komai ba ce. 'Yar huda a wurin taka ƙafa ma mai walda zai yanke ya sa sabon ƙarfe. Amma in sukudireba ta shige cikin doron tsakiya, ko ka ji ƙarfen yana ɓarewa fallen-fallen kusa da mazaunin inji, to magana ta canza. Ka lura da inda take jingine: in rufin zauren na yoyo da damina, ko awaki na kwana kusa da ita, ka tsananta bincike a gefen nan, don fitsarin akuya ya fi ruwan sama cin ƙarfe. Bayan haka ka tsayar da ita ka koma baya ka tsuguna, ka ga ko tayar gaba da ta baya suna kan layi ɗaya. Ka shafa inda ƙasa ta lanƙwasa ta hau garkuwar gaba. In ka ji tudu ko tattara a nan, ta taɓa cin karo da gaba.

Sai ka san wace iri ce. Cire murfin gefe ka goge gefen jikin ta baya, za ka ga lamba da aka buga a ƙarfe, haruffan farko su ne sunanta. VBC1T Super 150 ce, mai ƙananan tayoyi inci 8. VLB1T Sprint 150 ce, inci 10. Su biyun a 1965 suka fito. VLX1T kuwa PX 150 ce, daga jerin PX da aka fara a 1977, masu jiki mai kusurwa. Rubuta lambar a takarda ka sa a aljihu, don duk abin da za ka saya da ita za ka saya. Akwai wata lambar a jikin inji, ita ma ka duba, don an sha sauya wa Vespa inji da na Bajaj ba tare da 'ya'yan gida sun sani ba.

In jiki ya ci jarrabawa, cire fulogi ka zuba cokali biyu na baƙin mai da ɗan kananzir ta ramin, ka bar shi ya kwana biyu. Sannan ka kama fankar inji da hannu ka juya a hankali, gaba da baya. In ta juya, alhamdu lillahi. In ta ƙi, ƙara mai ka ƙara haƙuri, kada ka bari wani ya ɗauko guduma.

Tanki sai an cire shi. Tsohon fetur in ya daɗe yakan bushe ya bar wani jan danƙo mai wari, shi ke toshe famfon mai da kafireta. A wanke tankin, a leƙa da tocila a ga ko ya huje, a sauya tiyon mai gaba ɗaya. Kafiretar waɗannan 150 ɗin Dell'Orto ce samfurin SI, mai sauƙin sha'ani. A jiƙa ta, a busa jet-jet ɗinta da iska, kada a zura musu waya don ramin zai faɗaɗa. Wajen mayar da ita kuma kada a matse ƙusoshinta biyu da ƙarfin tsiya, gindinta yakan lanƙwashe ta riƙa yoyo har abada. Akwai wata roba mai tattara da ta haɗa akwatin kafireta da jikin babur, ta nan iska ke shigowa. Tabbas ta tsage. In aka bar ta haka, ƙurar hunturu ɗaya ta isa ta cinye sabon fistin.

Wuta kuma, Super da Sprint da PX na farko kwantak da kwandansa suke amfani da su, yawancinsu ba sa bukatar batir kafin su tashi. A goge kwantak, a daidaita buɗewarsa wajen milimita 0.4, a sa sabon kwandansa da sabon fulogi. Wayoyin da suka fito daga bayan fanka su ne abin dubawa, robarsu takan farfashe ta zube, ɓeraye kuma su ƙarasa sauran. PX na baya-baya wutarsu ta lantarki ce mai ƙaramin akwati, ba kwantak.

Yanzu ga inda nake saɓawa da yawancin yaran gareji. Da an yi abubuwan nan na sama, mai yiwuwa ne ta tashi, unguwa ta cika da hayaƙi, kowa ya yi murna, bakanike ya ce an gama. Ba a gama ba. A kowane gefe na kiranshaf akwai sil na roba, kuma irin wannan injin da matsin da ke cikin cikinsa yake zuƙo mai ya tura sama. Robar da ta shekara 15 a bushe ta ƙandare. In na gefen fanka ya saki, inji zai riƙa zuƙar iska ta ɓarauniyar hanya, ka saki totur ya ƙi sauka, ya yi zafi fiye da kima, wata rana kana tsakiyar titi fistin ya kama tayar baya ta tsaya cak. In na gefen kuloci ne, zai riƙa shan man giya, hayaƙi ya yi fari ya yi kauri, fulogi ya riƙa jiƙewa, in ka shinshina man giyar ka ji warin fetur. Saboda haka ko ta tashi a bugu ɗaya, a buɗe injin gida biyu. A sauya sil duka, a duba boris, a sa sabon gaskit da faifan kuloci. Akwai wani ƙaramin ƙarfe mai ƙafa huɗu a cikin giya, muna ce masa kuros, shi ke zaɓen giya. In bakinsa ya cinye, kana cikin tafiya a giya ta biyu ko ta uku sai ta fice da kanta inji ya yi kuka. Kuɗinsa kaɗan ne, amma sai an raba inji ake kai wa gare shi, don haka a sauya shi tun da an riga an buɗe. Kafin a rufe, ka sa bakaniken ya nuna maka wurin da ke ƙarƙashin kafireta ta ciki, inda kumatun kiranshaf ke wucewa dab da bango yana buɗe hanyar mai yana rufewa. Ya kamata ya zama sumul. In ya karce sosai za ta riƙa tofo mai baya ta kafireta tana wahalar tashi, kuma wannan gyara ne na gwani.

Abu guda kuma da ke ɓata mini rai: murfin da ya rufe silinda. Injin Vespa a ɓoye yake, iskar hanya ba ta kai masa. Fanka ce ke hura iska, murfin nan ya bi da ita ta kan silinda. Sau da yawa sai yaro ya cire shi ya jefar wai don inji ya sha iska, alhali ya kashe shi ne. In na taku ya ɓata, kada a tayar da ita a yi nisa sai an samo wani. Salansa kuma a cire a gasa ta a wuta a kakkaɓe, don shekarun da mahaifinku ya yi yana hawa sun bar mata gawayi a ciki.

Tayoyi kada ka yi ciniki da kanka, ko zanensu na nan a sauya, har da tub. Ka kuma gargaɗi mai faci: wilin Vespa gida biyu ne da aka haɗa da noti. Sai an sace iska gaba ɗaya ake kwance notocin haɗin, in ba haka ba zai iya fashewa a fuskar mutum. Yaran da suka tashi a kan Boxer ba su san wannan ba. Wayoyin ja ma duka a sauya cikinsu, na totur, na kuloci, na birki gaba da baya, da guda biyun giya.

Kaya da mai gyara

Abin da ya ceci Vespa a ƙasar nan Indiya ce. Kamfanin Bajaj ya fara ƙera ta da izinin Piaggio, da yarjejeniyar ta ƙare ya ci gaba da tasa, Chetak, daga 1972 har sama da shekara 30. Kamfanin LML kuma ya yi ta ƙera irin PX. Ita PX ɗin kanta kusan shekara 40 Piaggio ya yi yana fitar da ita. Don haka fistin, ringi, sil, kuros, faifan kuloci, waya, duk ana samu, da yawansu kuma suna shiga ta Italiya. Abin da ke wahala kayan jiki ne: murfin gefe, gilashin fitila, agogon gudu, tambarin suna. Waɗannan sai a wurin waɗanda suka farke tsofaffi, ka leƙa kasuwar Panteka, in ba a dace ba Zariya da Kano, inda har yanzu dattawa ke hawanta. Kayan roba kuwa jabu sun yi yawa, sil mai arha wata uku ne. Duk abin da aka cire daga jikinta, ko ya mutu, a ba ka ka adana a kwali. Da shi za ka gwada sabo a kasuwa, wani lokaci ma tsohon na Italiya in an gyara ya fi sabon.

Mai gyara shi ne babbar magana. Kada ka kai ta inda aka jera Boxer. In ka ga dattijo a kan Vespa mai tafiya lafiya, yi masa sallama ka tambaye shi wa ke duba masa, ba zai ɓoye maka ba. In ka je, ka tambayi bakaniken me ke sa giya ficewa. In bai ambaci kuros da daidaita wayoyin giya ba, yi masa godiya ka wuce. Ku yi jinga kashi-kashi, kai ka riƙa sayen kaya, ranar da za a buɗe inji kuma ka zauna a wurin. Kuɗi ba zan yanke maka ba, farashi a yanzu ba ya kwana biyu wuri ɗaya, amma kada ka yi mamaki in jimillar ta tasam ma kuɗin babur na hannu.

Fenti kuwa ra'ayina a bar shi. Wanke ta da sabulu, goge da man goge mota, ka shafa mai a inda ya ƙwarzane. Fentin kamfani ko ya koɗe ya fi na feshi a bakin titi, kuma masu sanin Vespa in suka ga sabon fenti zargi suke an ɓoye ruɓa da foti. In akwai sitikar da mahaifinku ya manna ko ledar kujerar da ya sa aka ɗinka, ni dai ba zan taɓa su ba. In an yi walda a ƙasa, a fente wurin kawai.

Maganar zuwa Kakuri kullum

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kowace lita sai an yi lissafinta. Vespa 150 mai lafiya, a yadda na saba gani, wajen kilomita 30 take yi da lita, ga kuɗin man haɗi a kai. Boxer ta fi ta nisa da lita nesa ba kusa ba, kuma ba a haɗa mata komai. Sannan dubi hanyarka. In ta bayan gari za ka bi, titin Nnamdi Azikiwe, tirela ce da tanka. Tayar inci 8 ko 10 in ta faɗa ramin da tayar Boxer za ta haye, kai ne a ƙasa, haka in ta hau yashin da ruwa ya tara a gefen kwalta. Birkinta na da ne, na gaban ma ba shi da wani kamu a tsofaffin. Fitilarta in inji ya sauka ita ma sai ta dushe. Ranar da wani abu ya karye kuma, ba za ka samu a kwanar farko ba, sai ka yi kwanaki kana jira, mai aikin albashi kuwa ba ya jira. In kuɗinka na abu ɗaya ne kuma abin zuwa aiki kake nema, sayi Boxer, ka zuba wa Vespar mai ta ramin fulogi, ka ɗaga ta daga ƙasa a wuri busasshe, ka gyara ta sannu a hankali.

In ta gyaru kuma kada ta koma zaure ta zauna, zama shi ke kashe irin wannan injin. Ka hau ta duk mako, Juma'a, ɗaurin aure, gaishe da dangi a Kawo ko Unguwar Rimi. In ta saba, har Zariya za ta kai ka, ka riƙe ta a 60 zuwa 70 ka bar masu sauri su wuce.

Haɗin mai kashi 2 cikin 100 ne: mililita 20 na man 2T a kowace lita, wato mililita 100 a lita 5. Nemi ƙaramin gwangwanin awo ka ajiye a akwatinta, ka rufe famfo kafin ka zuba, ka girgiza ta kaɗan ya gauraya. Da can man SAE 30 muke zubawa don shi ke akwai, yanzu da 2T ke ko'ina babu dalili, baƙin man da aka juye daga mota kuwa ko da wasa. In ka ga wani ɗan gilashi a jikinta ƙasan kujera da mai a ciki, taka mai tankin mai daban ce, ita ke haɗa wa kanta, sai dai a tabbatar famfon na aiki kafin a yarda da shi. Gidan giya SAE 30 yake sha, kwatan lita, har ya fara fitowa ta ramin zubawa. In an sa sabon fistin, ka lallaɓa ta 'yan ɗaruruwan kilomita na farko, ba cika totur, ba goyon ƙato.

Hawanta ma sai ka koya, ko ka iya babur. Giya a hannun hagu take, ka matse kuloci ka murɗa hannun gaba ɗaya, giya huɗu, furi tsakanin ta ɗaya da ta biyu. Birkin baya feda ce a ƙasa ƙarƙashin ƙafar dama, shi ne abin dogaronka. Nauyin inji a dama yake, za ka ji tana ɗan rinjaya can kafin jikinka ya saba. Fara a layin unguwa da sassafe. A doguwar gangara kada ka rufe totur ɗif tana cikin giya, don man da ke shafa fistin tare da fetur yake shigowa, riƙa ɗan murɗawa. In ka taɓa jin inji ya ɗaure kana gudu, matse kuloci nan take. Duk inda ka tsaya rufe famfon mai, in ka manta fetur zai tsiyaya cikin inji ka yi ta bugun kik a gaban jama'a. A akwatinta kada a rasa fulogi, sufanar fulogi, wayar kuloci da ta giya, da filaya. Safayar taya kuma ta zama da iska, tayar gaba da ta baya duk ɗaya ne, ko'ina za ta shiga.

Ka binciki akwatin takardun marigayi, wataƙila rasiɗin saye da tsohon lasin na nan. Da su da takardar da magada suka sa hannu za ka je a sabunta lamba da inshora da sunanka. Hular kwano doka ce da 'yan Road Safety suka fara tilastawa tun Janairun 2009, su da 'yan KASTLEA masu kula da tituna a jihar Kaduna kuma ba ruwansu da tsufan babur.

In kuwa sukudireba ta shige doron tsakiya, kada ka yarda mai walda ya lallashe ka da faci a kan ruɓa, ba abin ɗora rai ba ne. Hanya biyu ta rage. Ko ka nemi wata gangar jiki mai lafiya irin taku a mayar da injin mahaifinku da kanta da kujerarta a kai, ka tabbatar jikin da ka saya yana da takardarsa, ko kuma ku sayar wa mai gyaran Vespa. Inji kaɗai, da murfin gefe biyu, da kai da fitilarsa, kuɗinsu ya ninka abin da mai sikeli zai ba yayyenka a kan babur ɗin gaba ɗaya.